Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Daren da Baba ya kalli gudu

A makon jiya na tsaya inda Baba ya ce ba 'yarsa da za ta fita fili da gajeren wando. Wata biyu ban taka filin wasa na Rwang Pam ba. Kullum da asuba, cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, sai in ji ƙafafuna suna ƙaiƙayi, amma ba hali.

Ana haka aka shiga watan Agusta na 1992, ana Olamfik a Basalona. Mu ba mu da talabijin, sai maƙwabcinmu a Gangare, shi ma baƙi da fari. Baba ya leƙa ne don labarai kawai, sai ya tarar ana nuna gudun miƙa sanda na mata, mita 100 sau huɗu. 'Yan Najeriya su ne Beatrice Utondu, Faith Idehen, Christy Opara-Thompson, sai Mary Onyali da ta karɓi sanda a ƙarshe. Amurka ta zo ta ɗaya. 'Yan Najeriya suka tsaya suna ɗaga kai wajen allo, sai ga shi sun sha gaban Faransa da ƙyar, daƙiƙa 42.81, lambar tagulla, wato ta uku, ta zama tasu. Ɗakin ya kaure da ihu, har da tsofaffin da ba su san mene ne tagulla ba.

Ni kuwa hannu nake kallo. A lokacin cikin mita 20 ake miƙa sandar, in ta wuce ko ta faɗi, wahalar mutum huɗu ta tafi a banza. Har gobe abin da nake fara koya wa yarana ke nan: mai karɓa ba ta waiwaye, kira take jira.

A hanyar gida Baba bai ce uffan ba. Sai da muka kai zaure ya ce, "Ke, abin da kike yi ke nan?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya yi shiru, sannan ya ɗaga murya: "Ku ɗinka mata wando har idon sawu."

Umma ta kwana kan keke. Yadin labule ne, mai nauyin tsiya, in ya sha raɓa sai ka ce buhun masara nake ja. Da shi na koma fili ranar Litinin, aka yi ta dariya. Mako mai zuwa zan faɗa muku wadda ta fi kowa dariyar, da yadda muka kwashe a tseren farko.