Takardar gayyata ce ta raba ni da oga

Tun da na ajiye aiki a kamfanin tafiye-tafiyen da na daɗe ina yi wa hidima a Kano, abokan sana'a suke ta kirana suna tambaya ko albashi ne ya yi kaɗan. Albashin dai bai taɓa isa ba, amma da shi kaɗai ne da har yanzu ina kan kujerata. Abin da ya kore ni shi ne yadda ake cin kuɗin bayin Allah da sunan takardar gayyata.

Duk wanda ya zauna a teburin biza ya san yadda abin yake. Mutum zai shigo da fara'arsa, ya ce abokinsa na Amurka ya turo masa gayyata ta WhatsApp, saura kawai a cike masa fom. A ransa magana ta ƙare. Oganmu bai taɓa gyara wa kowa wannan tunanin ba, sai ma ƙara zuga su da yake yi, domin a nan cinikin yake. Mai takarda a caje shi kuɗin gyara ta, wanda ba shi da ita a ce ya kawo kuɗi za a samo masa.

Alhali Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta faɗa ƙarara cewa ba a buƙatar takardar gayyata wajen neman bizar ziyara, kuma ko mutum ya kawo ta ba ta cikin abubuwan da ake yanke hukunci a kansu. Sashe na 214(b) na dokarsu ta shige da fice ya ɗauka cewa duk mai neman irin wannan biza zama zai je yi, har sai ya gamsar da jami'in ofishin jakadancinsu cewa zai dawo. Jami'in nan da ke bayan gilashi a Abuja ko Legas 'yan mintuna gare shi, fom ɗin neman bizar da aka cike, wato DS-160, yana gabansa a kwamfuta, sau da yawa ko hannu ba ya miƙowa ya karɓi takardun da mutum ya rungumo. Abin da yake son ji shi ne me kake yi a gida, wa ka bari, me zai dawo da kai. Kuɗin nema kuma dala 185 ne tun 2023, a ba ka ko a hana ka ba a mayarwa.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta zo mana, ƙawarta ta gayyace ta bikin 'yarta a Amurka. Ta ajiye takardar a gabana cikin wata leda da ta naɗe sau biyu, ta dafa ta da hannu ta ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, wannan za ta sa a ba ni?" Na ce, "Hajiya, ba za ta sa ba. Amma kina da abin da ya fi ta." Na buɗe fasfonta na nuna mata tambarin Saudiyya da na Dubai, duk ta je ta dawo a kan lokaci. Ga shago, ga yara a makaranta, ga asusun da kuɗin ciniki ke shiga suna fita. Na ce ta faɗi wannan yadda yake, kuma ba sai ta biya kuɗin gyaran wata takarda ba.

Ashe oga yana ji. Bai bari ta fita ba, a gabanta da gaban yaran ofis ya ce da ni, "Kai ne jakadan? Ni na ɗauke ka aiki ko Amurka?" Ya ɗauke fayil ɗin daga hannuna ya ba wani sabon yaro, ya mayar da ni teburin tikiti, ya riƙe kamashona na wannan watan. Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne umarnin da ya ba yaron, wai ya rubuta a fom cewa mai gayyatar 'yar'uwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, don 'yar'uwa ta fi ƙawa ƙarfi. Hajiya ba ta karanta Turanci, ba wanda ya gaya mata. Ranar ganawa aka tambaye ta wa za ta je wa, ta ce ƙawarta, domin gaskiyar ke nan. Aka miƙo mata fasfonta da takardar ƙi. Da ta dawo ofis idonta ya yi ja, oga ya ce mata ai ni na yi mata baki tun farko. Bai gaya mata cewa wannan saɓani yana nan a rubuce da sunanta ba, bai kuma gaya mata cewa a dokar Amurka ƙarya da gangan a neman biza tana iya jawo haramci na har abada ba. A Birtaniya takardar bogi tana jawo haramcin da ya kai shekara 10.

Ba ina cewa gayyata ba ta da amfani ko'ina ba ne. A Birtaniya galibi ba a yin ganawa, takardu ne suke magana, don haka idan mai masaukinka ne zai ɗauki nauyin kwana da ci, wasiƙarsa tare da shaidar zamansa da ta kuɗinsa suna da muhimmanci. Faransa kuwa, 'yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sani, wanda zai sauka a gidan wani sai mai gidan ya je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar masauki, ya biya yuro 30. A Jamus mai gayyata yakan je ofishin kula da baƙi ya sa hannu cewa ya ɗauki nauyin baƙonsa. Waɗannan takardun hukuma ne, ba su yi kama da wasiƙar da aboki ya buga a wayarsa ba. Kuma ko da su a hannu, tambayar dawowa tana nan daram.

Wani lokaci ma takardar cutarwa take yi. Saurayi ba aure, ba tsayayyen aiki, ya je da wasiƙar yayansa da ke cewa komai yana wuyansa. Abin da ya nuna wa jami'i shi ne can yana da wurin sauka, nan kuwa ba abin da ya riƙe shi.

Sauran darussan ƙanana ne. Kada a aro kuɗi a jibga a asusu ana gobe neman biza, jami'an biza sun san wannan dabarar. Kada a sayi tikiti kafin biza ta fito. Takardar ƙin Birtaniya tana lissafa dalilai, a adana ta. Kowane fom da za a tura da sunanka, ka sa a karanta maka shi layi-layi, ko da ejan ɗin ɗan'uwanka ne. Ku da kuke waje, in za ku rubuta wa aboki, ku faɗi alaƙarku yadda take, da ranar zuwa, da inda zai kwana, kada ku yi masa alkawarin biza.

Kamashon da ya riƙe na bar shi da Allah. Maganar da ya gaya wa Hajiya a kaina kuwa ban yafe ba. Har yanzu yana tallan "biza tabbas" ga duk mai gayyata, yaran da na koya wa aiki kuma su suke karɓar kuɗin a tebur.