Buhu mai araha ba shi ne mai sauƙi ba

Karen da ke mana gadi a gida, wata uku na yi ina saya masa busasshen abincin nan mai araha, ina ganin kamar na yi dabara, ashe kullum sai ya cinye kofi huɗu kuma bai ƙoshi ba, gashinsa ya bushe yana ta zuba a tsakar gida, kashinsa kuwa tuli guda. Wallahi abin ya dame ni.

Sai na fara juya buhu ina karanta baya. Abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi shi ne ya fi yawa a ciki, to nawa masara ce a gaba, nama can baya. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin abincin dabbobi, ta sa mafi ƙarancin furotin kashi 18 cikin ɗari ga babban kare, 22.5 ga ɗan kwikwiyo, ku riƙa dubawa don Allah.

Na koma wanda kaza ce a farko, tsada kam akwai, amma kofi biyu da rabi ya ishe shi, buhun ya fi daɗewa. Ina juye shi a bokiti mai murfi saboda zafin nan namu yana sa man ciki ya yi wari.