Fijo 504 ta Baba: inda munka kwana kan canjin giya

Salamu alaikum 'yan uwa masu fama da tsoffin motoci, sati uku ke nan ban ce komai ba kan wagga mota, aiki ne ya riƙe ni a gareji.

Ga wanda bai biyo mu tun farko ba, 504 ce otomatik da Baba ya bari, injinta mai cc 1971 lafiya lau yake. Yawancin 504 da anka haɗa a Kaduna tun daga 1975 masu kulochi ne, shi ya sa irin tamu ke da wuyar samun kaya. Giyabos ɗinta ZF 3HP22 ne, giya uku kawai, ta ukun kuma 1.00 ce, wato yadda inji ya juya haka sandar farfela, mai kai juyi zuwa tayoyin baya, ke juyawa. Cikin Birnin Kebbi ba ka jin komai amma ka hau hanyar Jega ka kai gudun 100, agogon juyin inji da na ɗaura yana nuna kusan juyi 3,400 a minti, inji na kuka, mai na tafiya, ko hira ba ka iya yi da na kusa da kai.

Abokai da yawa sun ce in mai da ta mai kulochi in huta. Na ƙi, da otomatik Baba ya tuƙa ta kuma haka nake son ta zauna. Sai munka samo giyabos otomatik mai giya huɗu, ZF 4HP22, da anka cire daga 505 a Panteka. Giya ukun farko duk ɗaya ne da na tsohon, 2.48 da 1.48 da 1.00, ribar ita ce ta huɗu mai 0.73, ga kwanbata (abin da ke haɗa inji da giyabos a madadin kulochi) mai kullewa in mota ta miƙe.

Sabon giyabos ɗin ya fi tsohon tsawo, to a 504 sandar farfela cikin wani bututun ƙarfe take tun daga giyabos har aksil na baya, dole aka rage su biyun. Nan munka sha wuya wallahi, yankan farko wani mai walda ya yi shi da ido, muna kaiwa 70 kujera ta fara kakkarwa, sai da munka sake samo wata sanda anka kai wa mai injin juya ƙarfe ya daidaita ta. Kar ku yi tsimin kuɗi a wanga wuri.

Maigidana a gareji ya tsare ni ranar ɗaurawa, ya ce "yaro, juya kwanbatan nan kana turawa har ka ji ya faɗa ciki sosai, in ka ja shi da noti famfon mai za ka fasa". Da ba ya kusa da na yi ɓarna.

Abin da ya fi cin raina shi ne kebul ɗin da ke tafiya daga totur zuwa giyabos. Na ɗauka aikinsa sauke giya ne kawai in ka taka, ashe shi ke gaya wa giyabos ƙarfin man da zai matse faifan ciki. Da ya yi sako-sako giya na shiga da wuri tana santsi, haka ake ƙona faifai, da munka ja shi fiye da kima kuma sai ta riƙe ta biyu ta shiga ta uku da duka. Yini biyu muna juya noti kaɗan kaɗan muna zagayawa.

Jiya bayan la'asar munka kai Jega munka dawo. Gudun 100 yanzu juyi 2,400 ko ƙasa kaɗan, da ta huɗu ta shiga sai motar ta yi tsit, hawaye sunka cika min ido don na tuna Baba.

Saura man giya da ke ɗiga ta kasko, da ƙaramin lagireto na man giya da nake son ƙarawa kafin zafin Afrilu. Agogon gudu ma yana ƙarya, da waya na auna. Wanda ya taɓa gyara wannan a 504 don Allah ya faɗa min haƙorin da ke juya kebul ɗin agogon da ya sa a giyabos, Asabar nake son in gwada hanyar Argungu in sha Allahu.