Agogon tafiya marar suna: ya tashi, kuma asalinsa ya fito

Alhamdu lillahi, tsohon agogon tafiya na kasuwar Katako ta Yamai ya fara tafiya, kuma tun daga lokacin bai tsaya ba. 'Yan uwa masu koyo, wanda ke da irinsa a kan tebur ya matso, domin abin da ya hana shi tafiya shi ne kuma ya ɓoye shekarunsa.

Gidan tagulla ne mai gilashi biyar da mariƙi a sama, sifirin ɗaya, ba ya buga awa, ba ya tada mai barci. Fuska fara, lambobin Romawa, babu suna. Ko da akwai suna a fuska, ku sani galibi na mai kanti ne, ba na maƙeri ba. Dillali ya ce na wani kumandan ne na zamanin Faransa. Kowane tsohon agogo a Yamai na kumandan ne.

Gidan ya fara ba da amsa. Irin da ake kira Obis ne, ƙanen wani irin gida da ake kira Corniche: siffa ɗaya, amma tagullar siririya ce, matse ta aka yi da inji maimakon a zuba ta. Juya shi ka taɓa gindin daga ciki, za ka ji kaifin gefen. Wannan kaɗai ya fitar da shi daga zamanin maƙerin agogo Breguet, wanda ya sayar wa Napoleon nasa a 1798, da na Paul Garnier na shekarun 1830. Obis kayan ƙarshen ƙarni na 19 ne zuwa farkon na 20, lokacin da ake yin su da yawa don mai ƙaramin ƙarfi. A ƙasan farantin baya na inji, bayan na wanke busasshen mai da ƙurar hunturu, "Made in France" ya fito da ƙananan haruffa. Dokar Ingila ta 1887 da ta Amurka ta 1890 su suka tilasta rubuta ƙasar da kaya suka fito, don haka a ajiye shi daga 1891 zuwa sama. Kusa da sandar saita lokaci kuma, gefen kibiya, an buga "Hands", ba "Aiguilles" ba. Ke nan kasuwar Ingilishi aka yi wa shi. Ni na fi yarda ta Kano ya shigo mana, ba a akwatin kumandan ba.

Inda kai ya ɗau zafi shi ne dandamalin sama, wanda Faransawa ke kira porte-échappement, mai ɗauke da balansi, wato zoben da ke kai da komo yana daidaita gudun agogo. Fari ne fat, mai sheƙin nikel, na anka (irin da ƙaramar sanda mai kai biyu ke tura balansi), sukurorinsa sababbi. In ka dubi shi kaɗai sai ka ce agogon bayan yaƙin duniya na biyu ne, alhali gida da faranti suna cewa kusan 1900. Kuma ga tsayawa: a wana shi, ya yi minti goma ko ashirin, ya mutu. A girgiza, ya tashi, ya sake mutuwa. Wanki bai hana ba, mai bai hana ba. Abin har ya fara ba ni haushi.

Kafin ku taɓa dandamali, ku sauke sifirin har ƙarshe da makulli a hannu. In kun cire shi da ƙarfi a ciki, giyoyin za su kwasa da gudu su karya haƙora.

Da na kwance sukurori huɗu na ɗaga shi, magana ta ƙare. A saman gefen farantan akwai ramuka takwas, ba huɗu ba. Huɗu tsofaffi, baƙaƙe, babu komai cikinsu. Huɗu sababbi, ɗaya ma a karkace aka huda shi. Ga kuma inuwar tsohon dandamali a kan tagulla, ya fi wannan faɗi kaɗan. Wani mai gyara ne ya cire na asali, wanda a Obis yawanci na silinda ne (tsohon salo, mai ɗan bututu a sandar balansi), ya sa na zamani. Ba laifi ba ne a wurinsa, silinda in ya ci, samun madadinsa wahala ne. Amma bai daidaita zaman ba.

Ga yadda abin yake. Giya ta ƙarshe a injin, mai haƙora a tsaye kamar kambi, ita ke juya ƙaramar giyar da ta sauko daga dandamali. In haƙoran suka shiga da zurfi, sai su cije. In suka shiga sama-sama, sai su yi karo da kan haƙori. A nawa sun nutse. Da madubin ido ana ganin layi mai sheƙi a gindin haƙoran kambin, inda bai kamata a taɓa ba. Gyaran wuri biyu ne. Na farko ƙaramin sukurun da ke farantin baya, wanda ke tokare ƙarshen sandar kambin: shi ke matso da ita ko ja da ita baya, kuma rubu'in juyi ma yana da yawa, a bi shi kaɗan-kaɗan. Na biyu zaman dandamalin kansa: a sassauta sukurorin, a motsa shi da kaurin gashi har ƙaramar giyar ta daidaita da tsakiyar sandar kambin, a ɗaure biyu masu kallon juna tukuna. Gwajin shi ne a sa ƙarfi ɗan kaɗan, danna biyu ko uku na makulli. In balansi ya tashi da kansa, an samu. In sai an cika sifirin yake tafiya, har yanzu yana cizo. Da ya tashi a danna ta biyu, wallahi daɗin da na ji ba kaɗan ba.

Wanda zai sayi sabon dandamali ya ƙirga haƙoran ƙaramar giyar tukuna. In injin na son 8 aka sa mai 7, agogon zai riƙa asarar awa 3 a yini, kuma babu juya allurar F da S, mai ƙara sauri ko rage shi, da zai cike wannan.

Mai ne ya ci min kuɗi. Kwalbar Moebius 9010 ta mililita 2, da kuɗin kawowa, ta kai jika 22 na sefa. Na balansi ke nan kawai. Kar a sa man keken ɗinki, zafin watan Afrilu zai watsa shi ya bar ramukan a bushe. Gilashin gefe ɗaya mai gogaggen baki kuma jika 9.

Maƙeri fa? Na cire allurai da fuska, domin wasu maƙeran suna ɓoye tambarinsu a farantin gaba ko tsakanin farantai. Babu aku na Henri Jacot, babu D da C na Drocourt, babu zakin Duverdrey & Bloquel. Lamba ce kawai, kuma ita ce a farantin baya da gindin gida, wato inji da gida tare aka haife su. Gidan Obis, rashin tambari, da kibiya mai lanƙwasa sun fi kama da aikin Saint-Nicolas-d'Aliermont, kusa da Dieppe a Normandi, garin da Armand Couaillet ya buɗe masana'antarsa a 1892, kuma yawancin nasa ba sa ɗauke da suna. A katin agogon na rubuta: Faransa, salon Couaillet, tsakanin 1895 da 1914, dandamali ba na asali ba.

Daraja kuwa, matakin ƙasa yake. Mai buga awa ya fi shi, mai maɓallin maimaita bugun awa a sama ya fi wancan, grande sonnerie, mai buga awa da rubu'i duk minti goma sha biyar, a irin gidan da ake kira Gorge, shi ne sarki. Canjin dandamali ya ƙara rage shi, akwatin fatarsa da makullinsa mai kai biyu sun ɓata. Abin da ya rage masa shi ne fuskar ba ta tsage ba, kuma ba wanda ya murje ruwan zinarin gidan da maganin goge tagulla. In za ku kwatanta farashi, ku duba abin da aka sayar a gwanjo irin na gidan Drouot na Paris, ba abin da masu talla ke nema ba.

Yanzu yana gaba da minti biyu a yini, sai na bar shi ya cinye kwana takwas ɗinsa na wani ɗaya kafin in taɓa allurar F da S.