Kayak ɗina na farko, wanne zan haɗa?

Wallahi kusan sati uku na yi ina juya maganar nan a raina kafin in tsaya a kan ɗaya. Kayak dai ƙaramin kwale-kwale ne na mutum ɗaya, asalinsa na mutanen Inuwit ne can yankin ƙanƙara, su da fatar dabbar ruwa suke lulluɓe firam ɗin itace.

Ni kuwa da farko wanda ake jera siraran katako ɗaya bayan ɗaya ana mannawa ya tafi da hankalina, kyau kam ba magana, amma da na ga yadda aikin samfefa kaɗai zai cinye min watanni ga ni ko kujera ban taɓa haɗawa ba sai jikina ya yi sanyi.

Na koma wa na ɗinki da gam. Falankin filawud na wani itace da ake kira okume, mai kaurin milimita 4, ake yankawa, a huda gefuna a ɗinke da wayar jan ƙarfe, sannan a bi da wani gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi da kuma zaren gilashi, wato wani irin ƙyalle da ake shimfiɗawa don ƙara wa jikin jirgin ƙarfi. Kuma mai faɗi na zaɓa, siririn nan ya fi gudu amma da ka ɗan karkata sai ka ji ka cikin ruwa tsamo-tsamo. Matsalata yanzu ɗakin da zan yi aikin bai kai tsawon jirgin ba.