Laraba, 23 ga Maris, 2011: Ranar da muka fara shakkar ruwan famfo

Yau kwana goma sha biyu ke nan da babbar girgizar ƙasar da ta auku a nan Japan ranar Juma'a 11 ga wata, kuma har yanzu ƙasa ba ta daina motsi ba. Da safe, bayan na idar da sallar asuba na ɗan kishingiɗa, gidan ya sake jijjiga har kofunan da ke kan kanta suka riƙa karo da juna. Maiɗakina ta rungumi jaririyarmu, ni kuma na buɗe ƙofar waje na tsaya kusa da ita, kamar yadda ake koyarwa a nan, domin kada ginin ya karkace ƙofar ta ƙi buɗuwa. Da abin ya lafa muka koma harkokinmu ba tare da ɗayanmu ya ce uffan ba.

Na fita da hantsi zuwa jami'a. Daga Machida, inda muke zaune a gefen birnin Tokiyo, jiragen ƙasa sun ragu saboda tsimin lantarki, an kashe rabin fitilun tashar, matakalar nan mai tafiya da kanta ma an tsayar da ita. Tun ranar 14 ga wata ake ɗauke wuta bi da bi, an kasa unguwanni rukuni biyar, kowane rukuni yana rasa wuta na kimanin awa uku. Wannan bai dame mu sosai ba, domin wanda ya tashi a Katsina ya san yadda ake tanadin kyandir da tocila da girki da wuri. Har ma ni na nuna wa wani abokin karatuna yadda zai jera ayyukan gidansa kafin lokacin ya yi.

Da rana ina ɗakin gwaji sai na ga mutane sun taru a gaban talabijin. Hukumomin Tokiyo ne suke sanar da cewa an auna ruwan matatar Kanamachi an sami sinadarin ayodin mai gubar nukiliya har bekarel 210 a kowace lita (bekarel shi ne ma'aunin ƙarfin wannan guba), alhali iyakar da aka yanka wa jarirai 100 ce, ta manya kuwa 300. Suka ce kada a shayar da jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya ruwan famfo, kada kuma a dama musu madara da shi. Da aka lissafa wuraren da abin ya shafa, unguwanni 23 na tsakiyar birni da wasu garuruwa biyar, na ji an ambaci Machida a cikinsu. 'Yarmu wata bakwai gare ta, kuma tun watan jiya muka fara haɗa mata nono da madarar gwangwani da ɗan kunu.

Wani malaminmu ya zaunar da ni ya yi mini bayani a tsanake. Ruwan saman da aka yi a farkon makon nan shi ne ya wanko ƙurar da iska ta kwaso daga tashar lantarkin nukiliya ta Fukushima Daiichi, wadda ta lalace bayan girgizar ƙasar, mai nisan fiye da kilomita 200 daga nan, ya zuba ta cikin kogin Edo wanda matatar ke ɗiba. Ya ce wannan ayodin yana taruwa ne a halittar nan ta maƙogwaro wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, shi ya sa aka fi jin tsoronsa ga ƙananan yara, amma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana takwas. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce tafasa ruwan ba ya fitar da shi. Ni kuwa tun ina yaro abin da na sani ke nan: idan ana shakkar ruwa a tace shi a tafasa. Wannan ruwa garau yake, ba wari ba launi, kuma dabarar da na gada ba ta da amfani a kansa.

Na buga wa maiɗakina waya na ce kada ta taɓa famfo don abincin yarinya, sannan na kamo hanya. Na shiga kanti huɗu tsakanin tasha da gida, ko'ina wurin ruwan gora fayau yake, sai takardar ban haƙuri da aka manna. A na ƙarshe na tarar da layin iyaye mata, kowace da goyo a gaba, ba hayaniya ba ture-ture, har ma'aikacin ya fito ya rusuna ya ce ya ƙare. Na sami ƙananan gora biyu kawai a injin sayar da abin sha na bakin titi.

Ina isa gida na tarar da manyan gora uku masu cin lita bibbiyu a bakin ƙofa. Maiɗakina ta ce, "Malam, tsohuwar nan ta ƙasa ce ta hawo da su da kanta, ɗaya bayan ɗaya." Wannan baiwar Allah ta haura shekara saba'in, ita kaɗai take zaune, kuma gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Na sauka don in yi godiya in kuma biya ta, ta ƙi karɓa, ta nuna mini da hannu cewa ita ta tsufa, famfo ya ishe ta, yarinya ce abin ji. Japancina bai kai in faɗi abin da ke zuciyata ba, sai na yi ta rusunawa, ina yi mata addu'a da Hausa.

Da magariba na tsaya alwala, kuma ko da yake an ce wanka da wanki da shan manya ba su da laifi, sai da hannuna ya tsaya lokacin da na ɗebo ruwan kurkurar baki. Na yi bisimilla na ci gaba. A labaran dare aka nuna baƙin hayaƙi yana tashi daga tukunyar nukiliya ta uku a tashar Fukushima, aka ce an janye ma'aikata na ɗan lokaci. Waɗanda aka tabbatar sun rasu sun haura 9,000, ban da dubban da ba a gani ba, kuma mutanen jihohin Miyagi da Iwate, inda bala'in ya fi yin ɓarna, suna kwana a makarantu cikin sanyi. Na ji nauyin damuwata a gaban tasu, amma ban iya ajiye ta ba.

Wajen ƙarfe tara Inna ta kira, lokacin azahar a gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Ku dawo mini da jikata, karatu ba ya ƙarewa." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, muna nesa da wurin, kuma muna lura." Ban gaya mata maganar ruwa ba, kuma wannan ɓoyewa tana damuna har yanzu. Ta ce an yi mana saukar Alƙur'ani, za ta kuma yi sadaka ranar Juma'a.

An sanar cewa gobe za a raba wa kowane jariri gora uku masu cin mililita 550, don haka zan je ofishin gari da sassafe da littafin asibitin yarinya. Mun lissafa abin da ke hannunmu, muka ga zai kai ta mako guda idan ita kaɗai ta sha. Na rubuta ranar yau a jikin gorar da muka fara buɗewa, na mayar da fasfo ɗinmu cikin jakar da ke bakin ƙofa, kusa da takalma.