Fatalwa a kusurwa ta huɗu: inda na kai da tabarmar auna nauyi

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da warhaka. Mako uku ke nan ina fama da abu guda a tabarmar nan, wato katsalandan ɗin da layukan jan ƙarfe suke yi wa juna, kuma sai jiya na samu karatun da hankalina ya kwanta da shi.

Ga wanda bai ga farkon aikin ba: layuka 8 na tef ɗin jan ƙarfe a kwance, wasu 8 a tsaye, a tsakaninsu takardar Velostat, baƙar ledar nan mai sinadarin kabon wadda turjiyarta ga wutar lantarki take raguwa idan an danna ta. Duk inda layi ya gitta layi, gurbi ɗaya ke nan. Gurabe 64 da waya 16 kacal. Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfutar da ke sarrafa tabarmar, yana ba layin kwance ɗaya bolt 5, ya karanta na tsaye ɗaya bayan ɗaya ta CD74HC4067, makunnin da ke zaɓen layi, da resista mai om 10,000 zuwa GND, wato bolt 0. Lambar da yake bayarwa tana tsakanin 0 da 1023.

Da yatsa ɗaya komai lafiya lau. Ranar da na ɗora murafen kwalba uku a kusurwoyi uku na wani murabba'i na danna, sai kusurwa ta huɗu, wadda ko ƙuda bai sauka a kanta ba, ta haska a allon kwamfuta. Na ɗaga murfi ɗaya, ta ɓace. Na mayar, ta dawo.

Na ɗauki biro na bi sawun wutar, kuma ina roƙonku ku ma ku zana da hannunku, don a nan asirin yake. Wuta ba ta san gurbin da kake son karantawa ba, duk hanyar da ta samu a buɗe ita take bi. Ta taso daga layin kwancen da aka kunna, ta faɗa gurbi na farko da aka danna, ta gangara wani layin tsaye, ta bi gurbi na biyu ta koma wani layin kwancen da aka bari sakaka, daga nan ta bi gurbi na uku ta ɓullo a layin da ake karantawa. Ta ƙofar baya ta shigo. A ce kowane gurbin da aka danna ya sauko zuwa om 1,000. Gurbi na gaske zai ba da kusan 930. Hanyar zagayen nan om 3,000 ce, za ta ba da kusan 787. Ka ga ba ƙaramar fatalwa ba ce, ta kusa kamo ta gaske.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce kada in bar sauran layukan kwance a sake, in ɗaure su duka a bolt 0. Fatalwar kuwa ta tafi, na yi murna sosai. Amma da na danna gurabe biyu a layin tsaye ɗaya, sai na ga na farkon ya faɗi ƙasa warwas alhali ban rage nauyin da ke kansa ba. Dalili: gurbi na biyu ya zama wata hanyar zurarewa zuwa GND, kafaɗa da kafaɗa da resista. Lissafi ɗaya da na sama, 930 ya koma kusan 487. An gudu ba a tsira ba. Ga mai son ya san ko an taɓa ko ba a taɓa ba, wannan ya wadatar. Ga mai son auna nauyi, sam.

Na duba batun saka dayod 1N4148 a kowane gurbi. Yana toshe hanyar komawa, amma dayod 64 a cikin tabarmar da ake so ta lanƙwashe, ga kuma kusan bolt 0.6 da kowanne yake ci, na haƙura.

Abin da ya yi aiki shi ne hana wutar dalilin zagayawa tun daga tushe. Wuta ba ta motsi tsakanin wurare biyu masu bolt iri ɗaya. Sai na ba kowane layin tsaye amfilifaya nasa, MCP6004 guda biyu tunda kowanne huɗu ne a ciki, kowane amfilifaya yana riƙe layinsa a bolt 1 daram. Layukan kwancen da ba a zaɓa ba su ma suna bolt 1 ta makunnan 74HC4053, wanda aka zaɓa kaɗai ake ja zuwa 0. Yanzu gurbin da ke tsakanin bolt 1 da bolt 1, ko giwa ce ta taka shi, wuta ba za ta bi ta cikinsa ba. Da resistar mayarwa, wadda ke haɗa mafitar amfilifaya da mashigarsa, mai om 2,200, gurbi mai om 1,000 yana fitar da bolt 3.2, kuma maƙwabtansa ba su da ta cewa. Na maimaita gwajin murafen nan uku, kusurwa ta huɗu shiru. Na daɗe ina kallon baƙin gurbin nan, raina fes.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da da na ɗauka duk ciwo ɗaya ne. Ita kanta Velostat tana ɗaukar wuta ta gefe, don haka falle guda yana haɗa layuka maƙwabta. Na yanka ta ƙananan murabba'ai 64, na bar tazara tsakaninsu, aikin yini guda da almakashi, amma ya biya. Na biyu kuma, idan an sauya layi da sauri, ragowar cajin karatun baya yana maƙalewa a ƙaramar kafasitar da ke cikin ATmega328P, ƙwaƙwalwar Arduino Uno. Masu ƙera shi sun ba da shawarar kada turjiyar abin da ake karantawa ta wuce om 10,000. Karanta sau biyu, ka yar da na farko. Bayan na sa amfilifaya ma wannan ya ragu da kansa.

Saura ɗaya da ban gama da shi ba. Idan na ɗora tafin hannu gaba ɗaya a kan layin kwance guda, karatun kowane gurbi yana ɗan sauka, saboda makunnin yana da tasa turjiyar ta gomman om, kuma wutar gurabe takwas duk ta cikinsa take wucewa. Mako mai zuwa zan gwada ba kowane layin kwance amfilifayar da zai tuƙa shi kai tsaye. Wanda ya riga ni gwada wannan a cikinku, don Allah ya faɗa mini yadda tasa ta kaya kafin in kunna ƙarfen dalma.